Wasiƙa Zuwa Ga Uwata A Kan Buhunan Riɗi

Dutse, Jihar Jigawa

Uwata,

Sanyin bana ya ɗan taɓa ƙirjin Innarki, amma ta samu sauƙi.

Ita ce ta kawo mini maganar da kuka yi a waya. Na so in kira ki a daren, sai na fasa, domin na san halinki. Duk abin da na faɗa za ki ce "to, Baba", ki haɗiye sauran, ki ajiye waya ki ci gaba da kuka. Maganar nan kuwa tana da rassa, wasu za su yi miki daɗi, wasu ba za su yi ba. Na fi son ki same ta a rubuce, ki karanta yau da zafin ranki, ki sake karantawa gobe bayan kin huce.

Ga yadda na fahimci al'amarin, in da gyara ki gyara mini. Bayan rabuwar maigidanki da uwar 'ya'yansa biyu, kotu ta yanka masa kuɗin ciyarwa duk wata. Ya yi ta biya har ambaliyar 2022 ta cinye gonarsa ta shinkafa a wajen Miga, jarinsa ya karye, biya ya fara tsallake wata, daga baya ya tsaya cak. Uwar yaran ta koma kotu, aka lissafa abin da ya taru, aka ba shi wa'adi, wa'adin ya wuce. Yanzu ma'aikatan kotu sun je sito a Shuwarin sun rubuta buhu 20 na riɗi da ke ajiye da sunansa, alhali 12 daga ciki da kuɗin adashinki aka saye su a kakar nan. Kuɗin da kika yi ta zubawa daga albashinki, albashin da kike kwana a tsaye a kan marasa lafiya kafin ki karɓa.

Ki share hawayenki. Buhunan nan 12 naki ne, kuma shari'a ba ta biyan bashin wani da dukiyar wani. Ba don ke 'yata ce na faɗi haka ba. Na yi aikin magatakarda tun ana kiran wuraren aikinmu kotunan yanki, har aka mayar da su kotunan shari'ar Musulunci a shekarar 2000, har na yi ritaya, kuma ban taɓa zama ƙarƙashin alƙalin da ya ce aure yana haɗa aljihun miji da na mata ba.

Ciyar da ɗa yana wuyan uban da ya haife shi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara uba ta ɗora wa ci da suturar matar da ke shayar masa da ɗa, Suratuɗ Ɗalaƙi kuma ta bar gwargwadon abin ga ƙarfin mai ciyarwa. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda muka karanta a Risala da kuma Muhtasar, wanda a zaure muke kira Lawwali da Sani, uba yana ciyar da ɗansa namiji har ya balaga yana da lafiyar neman na kansa, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. Ita kanta uwar da ta haife su ba a tilasta mata ciyar da su daga dukiyarta, balle matar uba. Sadakinki naki ne, kayan ɗakinki naki ne, gadon da za ki ci naki ne, haka albashinki da duk abin da ya haifa.

Wannan ba sabon abu ba ne da boko ya kawo. Kakarki da kike ɗauke da sunanta ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana da awakinta, tana da gayaunarta daban da gandun gida, tana soya ƙuli-ƙuli mu kai mata talla. A zamanin da ake biyan haraji da jangali, kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke su bayan hawansa a 1979, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano, na sha ganin babanmu ya ranci kuɗin haraji a hannunta in shekara ta yi tsanani. Da kaka ta yi, kafin gero ya shiga rumbu, sai ya cire nata ya biya ta. Ba wanda ya ga abin kunya a ciki, ba wanda ya ce ta raina shi. Sun zauna lafiya har Allah ya raba su da mutuwa.

Wataƙila wani daga dangin maigidanki zai ce miki ai mace ba ta da iko da dukiyarta sai da iznin miji. Akwai inda maganar ta samo asali, amma an karkatar da ita. Abin da malamanmu suka ce shi ne, in matar aure za ta yi kyauta da fiye da sulusin dukiyarta, mijinta yana iya hana kyautar. Saye da sayarwa kuwa, da ajiya, da juya kuɗi, duk hannunta a sake yake. Hukuncin an yi shi ne don kada dukiyar ta salwanta, bai mayar da ko sisi ya zama na miji ba, balle na masu bin miji bashi.

To amma, Uwata, kasancewa da gaskiya daban, tabbatar da ita gaban alƙali daban. A nan ne na ga mata da yawa sun yi asara, kuma a nan nake son ki natsu. Alƙali da zahiri yake hukunci. Abin da aka tarar a hannun mutum, ko a rubuce da sunansa, nasa ake ɗauka har sai wani ya zo da hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Ma'aikatan da suka je Shuwarin ba su zalunce ki ba. Sun buɗe littafin mai sito, sun ga suna ɗaya, sun rubuta abin da suka gani. Ko a kan kayan cikin gida, in miji da mata suka yi jayayya babu shaida, ƙa'idar Malikiyya ita ce abin da aka san na mata ne a al'ada, irin su gado da kwanuka da sarƙa, a bai wa matar bayan ta rantse. Abin da aka san na maza ne a bai wa mijin. Abin da kowa ke iya mallaka kuwa, shi ma mijin ake bai wa in ya rantse, saboda gidan nasa ne. Ki duba zamanin nan ki ga yawan abubuwan da suka faɗa kashi na ukun: firji, janareta, babur, fili, buhun hatsi. Duk macen da ta sayi irin waɗannan da guminta ta bar su ba takarda ba shaida, ta bar su ne a bakin ƙofa.

Alhamdu lillahi ke kina da abin riƙewa. Uwar adashinku tana da littafin zubi, ta san watan da kika kwasa da adadin da kika kwasa. Banki zai ba ki takardar shige da ficen kuɗin asusunki, a ga ranar da kuɗin ya shigo da ranar da kika tura wa maigidanki, kuma na san ranakun za su yi daidai da Litinin ɗin da aka yi awon riɗin a kasuwa. Ki haɗa da takardun albashinki na watannin zubin. Innarki ta ce dillalin da ya yi cinikin ya ji lokacin da maigidanki ya ce wannan kason na madam ne. In haka ne, shi shaida ne, mai sito ma wataƙila. A sha'anin dukiya ana karɓar shaidar maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, kuma a wajen Malikiyya ana karɓar shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai da'awa. Mai yiwuwa alƙali ya sa ki rantse cewa ba ki sayar masa da buhunan ba, ba ki kuma ba shi kyauta ba. In ba ki yi ba, kada rantsuwar ta ba ki tsoro. Na san yadda matan gidajenmu ke gudun dafa Alƙur'ani ko da suna da gaskiya, har su gwammace su bar haƙƙinsu. Rantsuwa a kan gaskiya ba zunubi ba ce.

Abin da ya fi komai gaggawa shi ne lokaci. Ki shigar da da'awarki a gaban kotun da ta ba da umarnin tun ba a kai ga gwanjon kayan ba. Kayan da ke sito cire su daga lissafi ba wuya. Kayan da aka sayar aka raba kuɗin, dawo da su aiki ne mai tsawo. Ba sai kin tsaya da kanki kullum ba, kina iya naɗa ƙaninki wakili. In kuma abin ya so ya yi tsauri, akwai ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta a nan Dutse, akwai kuma lauyoyin da na sani tun suna zuwa gabanmu da fayil. Ban jin za a kai can. In maigidanki ya tashi da bakinsa ya ce buhu 12 na matarsa ne, ga kuma takardun banki sun gaskata shi, magana ta kusa ƙarewa. Bakinsa kaɗai ba zai isa ba, domin mai bashi in ya yi iƙirarin cewa kayan hannunsa na matarsa ne, dole alƙali ya yi tuhuma. Zan zo kan dalilin haka.

Yayanki ya kira daga Amurka, na ba shi labari a taƙaice, sai ya ce ai su ma can suna da irin wannan rigimar, sai dai tasu a kan haraji take faɗawa. A can miji da mata suna iya cike takardar haraji guda ɗaya su biyun. Ana cire harajin daga albashi duk wata, in shekara ta ƙare aka yi lissafi aka ga an cire fiye da kima, sai gwamnati ta mayar musu da rarar, kuma iyalai da yawa da wannan rarar suke biyan manyan buƙatunsu. Tun farkon shekarun 1980 doka ta ba gwamnatin tarayyarsu ikon tare rarar in mutum yana da bashin ciyar da 'ya'ya a kansa. Bashin dala 500 ya isa a tare, wani lokaci ma 150, in gwamnati ce ta ɗauki nauyin yaran a madadinsa. In ya haura dala 2,500 har fasfo ake hana shi. To da yake takardar ta haɗin gwiwa ce, sai a tare kuɗin gaba ɗaya, har da kason matar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Don haka hukumar harajinsu, IRS, ta tanadi fom mai lamba 8379. Matar za ta nuna abin da ita ta samu, da harajin da aka cire daga nata albashin, sai a ware kasonta a mayar mata, a tura na mijin ga 'ya'yansa. Yana ɗaukar makonni 8 zuwa 14, kuma tana da kimanin shekara 3 ta nema. In ba ta nema ba, ba wanda zai nema mata.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Ƙasa mai kwamfuta a kowane ofis, amma ita ma ta tsaya ne inda alƙalanmu suka tsaya: yaro ya ci daga dukiyar ubansa, matar uba ta ɗauki nata, kuma wanda ya cakuɗa dukiya shi zai zo da hujjar rabewa. Mu a nan ba mu da takardar harajin haɗin gwiwa. Harajinki daga albashinki ake cirewa da sunanki, ya tafi hukumar tara harajin jiha, kuma sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, wadda ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara, ita ma kowane ma'aikaci kansa take lissafa wa. Gwamnati ba ta haɗa ku ba. Mu da hannunmu muke haɗawa, a sito, a asusun banki ɗaya, a takardar fili, saboda ƙauna da yarda da kuma kunyar a ce mace tana ƙididdiga da mijinta.

Yanzu ga ɓangaren da ba zai yi miki daɗi ba, kuma saboda shi na fi son rubutu a kan waya.

Innarki ta ce a cikin kukanki kin kira uwar yaran nan da sunan da ban so ba, kin ce so take ta ga bayan aurenki. Ban san zuciyarta ba. Amma na san irin benci da ta zauna a kai, domin shekaru na yi ina kallonsa daga teburina. Mace ta taso daga ƙauye a bayan Kiyawa ko Jahun tun asuba, goye da ɗaya, riƙe da hannun ɗaya, ta ranci kuɗin mota, ta zo ta yini, a kira ƙara a ce wanda ake ƙara bai zo ba, a ɗaga zuwa wani makon. Wata kuɗin motar da take kashewa ya kusa kai abin da aka yanka mata. Da yawansu sukan gaji su bari, su ce sun bar shi da Allah. Yaran kuma su ne za ki gani da farantin talla a tasha, ko an tura su wani gari da sunan karatu tun ba su iya wanke wa kansu riga ba. Wannan kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ke nan. Ke da kike zuwa cefane kin san abin da kwanon masara da kuɗin mota suka zama bayan nan, kin kuma san kuɗin da aka yanka shekarun baya yau ba ya kai yaro biyu mako guda. Macen da ta jure duk wannan ta koma kotu karo na biyu, abincin 'ya'yanta take bi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, Uwata, kuma ke ma kina da 'ya a gidan nan.

Ki kuma sani wannan bashi ba ya cikin waɗanda ke faɗuwa. Asali a Malikiyya, ciyarwar 'ya'ya ta kwanakin da suka wuce ba a binta, domin an wajabta ta ne don yunwar ranar. Sai a hali biyu: in alƙali ya riga ya yanke ta, ko in wani ya ciyar da yaran da niyyar zai karɓa daga uban. Na maigidanki alƙali ya yanke. Ya zama bashi tabbatacce a wuyansa, ko ya mutu sai an cire shi kafin a raba gado. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 277, ya ambaci sha'anin ƙaramin yaro cikin abubuwan da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ke saurare, jiharmu kuma ta sa hannu a dokar kare haƙƙin yara a ƙarshen 2021. Babu ƙofar da zai bi ya fita sai ta biya.

Saboda haka ki ji ni da kyau. Buhu 12 naki ne, buhu 8 nasa ne, kuma 8 ɗin nan haƙƙin yaran ya riga ya hau kansu. Kada wani, ko shi, ko 'yan'uwansa, ko ƙawayenki, ya ce miki tunda za ki kotu ki ce duka 20 naki ne. Wannan dabara ita ce ta sa alƙalai ke tuhumar iƙirarin miji. Na ga mazan da da zarar sammaci ya iso, kafin ranar zama sun mayar da babur da sunan amarya, sun sauya takardar fili, sun kai shanu garken suruki, sannan su zo gaban alƙali da tsohuwar riga su ce ba su da ko taro. Na ga amaren da aka kawo suka rantse a kan haka, suna ganin biyayya suke yi. Irin waɗannan su suka ɓata wa mata masu gaskiya irinki hanya, har ya zama in mace ta ce kaya nata ne sai an dube ta sau biyu. Na fi son ki rasa buhunan nan 12 gaba ɗaya da ki ƙara buhu ɗaya da ba naki ba a cikin rantsuwarki. Riɗi ana sake nomawa. In har aka matsa miki a kan wannan, ki ce Babanki ya hana, ki turo mini ko wane ne.

Na san kuma abin da zuciyarki za ta raya miki bayan kin huce, domin ni na rene ki. Za ki ga maigidanki ya rame, ba ya barci, ki ce bari kawai ki bar masa riɗin a biya a huta. In kin yi haka don Allah, da son ranki, ba zan hana ki ba, kuma lada ne babba. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud mace ce mai sana'ar hannu, mijinta ba shi da ƙarfi, ta aika a tambayar mata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko sadakarta ga mijinta da marayun da take riƙo za ta isar mata. Aka ba ta amsa cewa ladanta biyu, na zumunci da na sadaka. Ki lura, da dukiyarta ta mijinta ce, da babu batun sadaka tun farko. Amma ki fara karɓo naki tukuna, a rubuta a kotu cewa naki ne, sannan ki yi abin da kika ga dama da shi. Wadda ta bayar bayan an tabbatar mata, ta yi kyauta, za a gode mata. Wadda aka ɗauke wa tana shiru, gobe ma za a ɗauka, kuma abin zai zauna mata a rai ya riƙa fitowa duk ranar da aka yi saɓani.

In za ki taimaka, ki faɗa da bakinki ko kyauta ce ko rance. In rance ne a rubuta, da adadi da lokacin biya, mutum biyu su sa hannu. Abu ɗaya ne nake roƙonki kada ki yi ba tare da kin zo mun zauna ba: kada ki tsaya masa lamuni a kotu, kada ki sa hannu a wata takarda da ba ki karanta ba. Ranar da kika ce kin lamunce, bashin da shari'a ta ɗauke miki kin ɗauko shi da kanki kin ɗora a wuya, kuma daga ranar ana iya bin albashinki.

Ban ɗauki maigidanki mugun mutum ba. Ruwa ne ya ci shi, kamar yadda ya ci dubban manoma a jihar nan a shekarar. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Inda ya gaza shi ne shirun da ya yi. Mutumin da ƙarfinsa ya ragu, ƙofar kotu a buɗe take ya koma ya ce ga halin da nake ciki, a duba. Aya ta 280 a Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kuma na sha ganin alƙalai sun rage adadi ko sun rarraba bashi kashi-kashi ga wanda ya zo da kansa ya faɗi gaskiya. Wanda ba a sassauta wa shi ne mai hali da ke ja da biya, ko mai ɓuya sai an aika masa sammaci sau da sau. Har yanzu bai makara ba. Ya sayar da nasa 8 da hannunsa a farashin kasuwa, wanda ya fi na gwanjo, ya kai kuɗin kotu a ba shi rasit, ya nemi a raba masa ragowar. Na wata-wata kuma ya riƙa turawa ta banki kai tsaye zuwa asusun uwar yaran, rana ɗaya tsayayya, ya adana shaidar turawa. Kuɗin da aka ba ɗan aike ko aka miƙa a zaure ba shaida, shi ne ake musu a kansa bayan shekara. Da ina da iko, da duk uban da ke da albashi aka yanka wa ciyarwa, daga tushe za a riƙa cirewa kafin kuɗin ya iso hannunsa, a hutar da mata zaman benci. Wannan ra'ayina ne tun ina aiki.

Ke kuma a nan kina da aikin da ba kotun da za ta ɗora miki, amma ni ina ɗora miki. Ki zama mai tuna masa. In wata ya kama, kafin a yi maganar ankon biki ko sabon labule, ki tambaye shi ko an tura na yara. In sun zo hutu, su ci abin da 'yarki, amaryata, ke ci, su kwana inda take kwana. Yayyenta ne, jininsu ɗaya, su za su tsaya mata ranar da ba mu. Tsare dukiyarki da kyautata musu ba sa karo da juna. Macen da ta san nata a tsare yake ta fi sakin hannu, domin ba ta jin tsoron alherinta zai zama hanyar da za a bi a kwashe ta.

Daga yanzu kuma ki gyara ajiya. Asusunki ya zama naki ke kaɗai. In za ku haɗa jari, ba laifi, haɗin kan miji da mata albarka ne, amma a rubuta kason kowa a littafin mai sito da na dillali, kowa da sunansa. Filin da kuke shirin saye a Ɗanmasara, in da kuɗinki a ciki, sunanki ya fito a takardar ciniki tun a gaban mai unguwa, kada a ce sai an zo yin takardar gwamnati. Rasit ɗin firji da na keken ɗinki ki kawo su nan Innarki ta ajiye miki. In ya ji nauyin haka, kada ki yi masa gardama, kada ki ɗaga murya. Ki tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma an saukar da ita ne ga mutanen da suka fi mu yarda da juna. Ki nuna masa cewa rubutun shi ma yana kare shi: da an rubuta tun farko, da yau ba a tuhumi maganarsa ba, da kuma ba a kai matarsa gaban alƙali ba.

Ƙaninki zai kawo miki wannan takarda gobe in Allah ya kai mu. Ki ba shi lambar uwar adashin da ta dillalin, ki nemi izni a wurin aiki ki je banki da kanki, domin ba za su ba wani takardar asusunki ba. Ki ce su buga miki daga watan da kuka fara zubi har zuwa yau, su sa hatimi. Kada ki yi wa uwar yaran waya, kada ki aika mata saƙo ta bakin kowa, mai daɗi ko marar daɗi, har a gama.

Ki gaida maigidanki, ki ce ina son ganinsa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ki gaya masa ba faɗa zan yi ba, lissafi za mu yi, ya taho da takardar hukuncin da duk rasit ɗin da ya taɓa karɓa. Innarki ta sa dabino da kuka da daddawa a jakar, ta ce man shanun na amaryata ne. Allah ya yi miki albarka, ya warware muku, ya raya yaran nan duka ukun.

Ni ne mahaifinki.